Muhawara: "Wai an gano maganin kansa?" Kuskuren kwafin DNA da abin da likita ke nema a cikin tsoka

Ɗan Birni: Salamu alaikum jama'ar gida. Tun jiya ake ta turo min wani saƙo a WhatsApp, wai a Amurka an gwada wani magani a kan masu ciwon daji, duk wanda aka ba shi ya warke sarai. Babu tiyata, babu gashin ƙari da inji, babu kemo. To in gaskiya ne, me ya sa har yanzu mutanenmu ke mutuwa a gadon asibiti? In kuma ƙarya ce, masana ku faɗa mana mu daina yaɗawa.

Mai Kemis: Wa alaikumus salam. Wannan saƙon tun 2022 yake yawo, duk bayan 'yan watanni sai wani ya tono shi ya sake masa sabon take. Labarin ba ƙarya ba ne, amma an yanke masa kai da ƙafafu. Ba kowace kansa ba ce, ba ma kowace kansar hanji ba ce. Bari Likita ta shigo, fagenta ne.

Likitar Tsoka: Ga ni. Gwajin an yi shi ne a asibitin Memorial Sloan Kettering da ke birnin Niyok, aka fitar da sakamakon a watan Yunin 2022. Mutum 12 ne suka kammala karɓar maganin a lokacin, dukansu masu kansar dubura wadda ba ta bazu zuwa hanta ko huhu ba. Sunan maganin dostarlimab, ana sa shi ta jijiya duk mako uku har wata shida. Da aka duba su, ƙarin ya ɓace a jikin dukansu. Daga baya adadin ya haura 40, sakamakon bai canza ba. Abin mamaki ne ƙwarai, ko mu da muke cikin aikin mun jinjina.

Sai dai abin da saƙon bai faɗa muku ba shi ne, ba haka kawai aka kwaso marasa lafiyar ba. Zaɓo su aka yi. Sai da aka yanki tsokar ƙarin kowannensu aka gwada, aka tabbatar cewa ƙwayoyin gadon da ke gyara kuskure a lokacin kwafe DNA sun lalace a cikinta. Masu irin wannan lalacewar ba su wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na masu kansar dubura ba. Sauran, ko an ɗura musu maganin nan, mafi yawansu ba abin da zai yi musu. Saboda haka labarin rabinsa magani ne, rabinsa gwaji. Masu yaɗawa suka ɗauki maganin suka bar gwajin.

Ɗan Birni: Ranki ya daɗe, nan fa kika bar ni a baya. Wane irin kwafi, wane irin kuskure? Ni a kasuwanci na yi karatu.

Ɗan Aji Huɗu: Anti Likita a ba ni dama in gwada, satin nan muka yi jarrabawarsa. Yaya Ɗan Birni, jikinka ƙwayoyi ne ƙanana ƙanana. Na fata da na hanji da na jini kullum mutuwa suke, ana maye gurbinsu da sababbi. Sabuwar ƙwaya tana samuwa ne idan tsohuwa ta rabu biyu. Amma kafin ta rabu, dole ta kwafe DNA ɗinta kaf, don kowace ɗiya ta tafi da nata. DNA rubutu ne da haruffa huɗu, A, T, G, C, kuma a ƙwaya guda akwai kimanin harafi biliyan 6, rabi daga uwa rabi daga uba. Cikin awa takwas ko makamancin haka ake gama kwafewa, domin ba daga wuri ɗaya ake farawa ba, daga dubban wurare ake farawa lokaci guda.

Ma'aikatan da ke wannan aikin furotin ne, kuma kowane yana da ƙwayar gadon da ke samar da shi. Akwai MCM, su shida, su ke buɗe igiyoyin DNA guda biyu. Akwai masu rubutun kansu, POLE da POLD1. Akwai PCNA mai riƙe mai rubutun kada ya zame. Akwai TOP2A mai warware murɗewar da ke taruwa a gaba. Sannan akwai masu bin baya suna duba kuskure, MLH1, MSH2, MSH6 da PMS2.

Baban Khalifa: Yaro, Allah ya yi maka albarka, amma sunayen nan naka sun fi ƙarfin tsoho. Bari in faɗi yadda na fahimta, in na kauce Likita ta dawo da ni. A tsangaya, gardi yana rubuta allonsa, yana rubutu yana dubawa, in ya ga ya yi kuskure ya goge nan take. Bayan ya gama kuma sai ya kai darasu, malam ya bi allon harafi harafi ya fitar da abin da ya kuɓuce masa. Idan gardin ya daina duba kansa, ko malamin darasu ya yi tafiya, allon zai cika da kura-kurai, wanda ya kwafa daga gare shi kuma ya ƙara nasa. Haka ne?

Likitar Tsoka: Allah gafarta Malam, ka gama bayanin. POLE shi ne gardin, yana rubutu yana goge kuskurensa. MLH1 da 'yan'uwansa uku su ne masu darasu. Idan duka suna aiki, kuskuren da ke tsira bai kai ɗaya cikin harafi biliyan ɗaya ba. Wanda ya bayyana yadda wannan darasun ke gudana, Paul Modrich, yana cikin mutum uku da aka ba kyautar Nobel a 2015.

Idan suka lalace, ƙwayar takan tara kuskure dubbai. Wata rana ɗaya daga ciki ya faɗa kan ƙwayar gadon da ke tsayar da rabuwa, sai ƙwayar ta yi ta rabuwa ba tsayawa. Kansa ke nan.

Ga kuma inda abin yake da ban sha'awa. Za ku zaci ƙarin da ya fi yawan kuskure shi ya fi muni. Sau da yawa akasin haka ne. Yawan kuskuren yana sa ƙwayar ta riƙa fitar da furotin masu baƙuwar kama, garkuwar jiki ta gane cewa wannan ba ɗan gida ba ne. In na sa irin wannan tsokar a madubin likita, sai in ga sojojin jiki sun yi mata dafifi. Ƙarin yana da dabarar da yake kashe musu kuzari, su kuma magunguna irin dostarlimab da pembrolizumab wannan dabarar suke toshewa. Ba su ke kashe kansar ba, jiki ne ke kashewa. Shi ya sa a watan Mayun 2017 hukumar magunguna ta Amurka ta amince a ba da pembrolizumab ga duk ƙarin da ke da wannan lalacewar bayan sauran magani ya gaza, a hanji yake ko a mahaifa ko a tumbi. Wannan ne karo na farko da aka amince da maganin kansa ba tare da la'akari da gaɓar da ta fito ba.

Mai Kemis: Duk na yarda, Likita, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. A lokacin da labarin ya fito, rahotanni sun ce allura guda ta kai kusan dala 11,000 a Amurka, kuma tara ake yi. Ku lissafa da naira. Ni ina tsaye a bayan kanta kullum, ina ganin mutumin da ya sayar da gona don ya biya kemo zagaye uku daga cikin shida, ya tafi bai dawo ba. Irin wannan za ki ce ya ƙara kuɗin gwajin MLH1? A gwada, a ce masa "albishirinka, akwai maganin da zai yi maka aiki," sannan a faɗa masa farashin? Wallahi gara ma bai sani ba. Ni a ganina ilimin nan na masu shi ne. Mu a gyara mana injinan gashi, a samar da maganin rage zafi, sannan a zo a yi zancen ƙwayoyin gado.

Likitar Tsoka: Yallaɓai, maganar injin gashi da maganin zafi ba ni da ja a kai. Amma ka ɗauka amfanin gwajin shi ne sayen magani mai tsada, alhali wani lokaci amfaninsa hana kashe kuɗi ne.

Misali na farko: mai kansar hanji a mataki na 2, an yi masa tiyata an cire. Idan tsokarsa ta nuna masu darasun nan sun lalace, an daɗe da sanin cewa ba shi maganin kemo na 5-FU shi kaɗai ba ya ƙara masa komai. Wannan mutumin gwajin zai iya tsare masa gonarsa.

Na biyu: kansar cikin mahaifa. A 2013 wani babban bincike a Amurka ya kasa ta gida huɗu bisa ga DNA ɗinta. Gida ɗaya shi ne na masu lalacewar POLE, kusan mace ɗaya cikin goma ko ƙasa da haka. A madubi tsokarsu takan yi kama da mafi muni, likita ya tsorata ya rubuta kemo da gashi. Amma su ne suka fi kowa tsira, da wuya ciwon ya dawo musu. Ƙa'idojin Turai na yanzu sun yarda in ciwon bai wuce mataki na 1 ko 2 ba, a tsaya a tiyata kawai. Gaskiya gwajin POLE sai da injin karanta DNA, ba kowane wuri ke da shi ba. Amma na MLH1 da 'yan'uwansa rini ne ake yi wa tsokar a kan gilashi, irin wanda muke yi wa kansar mama don duba ko tana jin sinadarin mata. Duk ɗakin gwajin da ke iya wancan zai iya wannan in an sayo kayan rinin.

Kuma kada mu ɗauka abin Turawa ne. Likitocin Ile-Ife da abokan aikinsu na Niyok sun buga bincike a 2021, suka samu kusan kashi 28 cikin 100 na 'yan Najeriya masu kansar hanji da suka gwada suna da wannan lalacewar, kimanin ninki biyu na abin da ake gani a Amurka. Mu ne ma muka fi buƙatar gwajin.

Mai Kemis: Na farkon ya shige ni. Amma binciken Ife mutanen kudu maso yamma ne akasari, kada mu yi saurin ɗora shi a kan Bakano da Basakkwace.

Likitar Tsoka: Wannan gyara ne mai kyau. Dalilin da ya sa nake son a riƙa gwadawa a nan ke nan, mu samu namu alƙaluman.

Maman Ihsan: Likita don Allah ina da tambaya, tun ɗazu gabana ke faɗuwa. A danginmu ta wajen uwa, kakarmu ciwon ciki ne ajalinta, ana cewa sammu ne. Kawuna ya rasu da kansar hanji bai kai 50 ba. Yanzu kuma innata, ƙanwar mahaifiyata, an cire mata mahaifa saboda kansa tana da 46. Hanji daban, mahaifa daban, shi ya sa ban taɓa haɗa su ba. Shin abin nan da kike faɗa ana gadonsa?

Likitar Tsoka: Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba Inna lafiya. 'Yar'uwa, ba zan yanke miki hukunci ta waya ba, amma abin da kika lissafa ya isa a bincika. Hanji da mahaifa a zuri'a ɗaya, a ƙasa da shekara 50, shi ne hoton abin da ake kira ciwon Lynch. Mutum yana gadon kwafi biyu na kowace ƙwayar gado. Mai wannan larura an haife shi da ɗaya a lalace daga cikin masu darasun, ɗayan na riƙe da aikin. Ranar da na biyun ya lalace a wata ƙwayar hanji ko mahaifa, shi ke nan. Kowane ɗa ko 'ya na da rabi da rabi na yiwuwar gada. Tun 1913 wani likita a Michigan, Aldred Warthin, ya rubuta labarin zuri'ar matar da ke masa ɗinki, wadda ta gaya masa ta san kansa ce za ta kashe ta kamar danginta, kuma haka aka yi. Henry Lynch ya sake tono maganar a 1966, ba a gano ƙwayoyin gadon ba sai farkon shekarun 1990.

Abin yi: ku koma inda aka gwada mahaifar Inna ku tambaya ko sun ajiye tsokar. Mukan ajiye ta a cikin ɗan dunƙulen kaki, tana shekaru ba ta lalace ba. A yi mata rinin nan guda huɗu. Ki lura, ko an ga MLH1 ya ɓace ba lalle gado ba ne, mafi yawan lokuta a cikin ƙarin kaɗai ya mutu, sai an ƙara wani gwajin a bambance. In ya tabbata gado ne, masu ɗauke da shi sukan fara leƙa hanji da kyamara tun suna 20 zuwa 25, duk shekara ɗaya ko biyu, a cire tsiro kafin ya rikiɗe. An kuma nuna asfirin na rage haɗarin a wajensu, amma kada kowa ya fara sha da kansa, yana iya sa tumbi zubar jini.

Baban Khalifa: Likita, mu da muke yawan auren zumunci fa? Ɗan wa da 'yar ƙani, in duka sun gado?

Likitar Tsoka: Malam ka taɓo wuri mai nauyi. In uwa da uba duka suna ɗauke da lalacewa a ƙwayar gado iri ɗaya, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu yaron ya gaji duka biyun. Irin waɗannan yaran kansa kan kama su tun suna ƙanana, ta ƙwaƙwalwa ko ta jini ko ta hanji. Abu ne da ba kasafai ake gani ba, amma an fi samunsa inda ake auren dangi. Ban ce a daina zumunci ba. Na ce gidan da kansa ta yi yawa, su yi shawara da likita kafin a sa rana, kamar yadda yanzu muka saba da gwajin jini saboda sikila.

Ɗan Aji Huɗu: Bari in jefo wata. A 2015 wasu masana biyu na jami'ar Johns Hopkins, Cristian Tomasetti da Bert Vogelstein, sun nuna cewa gaɓar da ƙwayoyinta suka fi yawan rabuwa ita ta fi yawan kamuwa da kansa. A 2017 suka ƙara da lissafi: kashi 66 na kura-kuran DNA da ke jawo kansa daga kwafin kansa suke fitowa, ko da masu gyara na aiki lafiya. Kashi 29 daga muhalli da ɗabi'u, kashi 5 gado. Wato mutum zai iya kiyaye komai, bai sha taba ba, bai sha giya ba, abin ya same shi.

Ɗan Birni: To ai magana ta ƙare. Ƙaddara ce, Bature ma ya yarda. A bar mu mu ci kilishinmu.

Nas Mai Dare: Ɗan Birni, irin wannan maganar ce ke ƙona min rai. Na yi shiru tun ɗazu ina karatu, amma nan sai na yi magana. Ka zo ɗakin mata ka ga masu kansar bakin mahaifa. Wannan ba kuskuren kwafi ne da ya faɗo daga sama ba, ƙwayar cutar HPV ce ke shiga ta kashe p53 da Rb, masu hana ƙwaya shiga kwafi ba bisa ƙa'ida ba, ta tilasta mata ta yi ta kwafa. Akwai rigakafinta, Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 kyauta tun Oktoban 2023, amma har yau akwai iyayen da ke ɓoye 'ya'yansu. Kansar hanta da ke kwashe mana maza a ƙuruciya, ciwon hanta nau'in B ne da gubar gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna. Kansar mafitsara a garuruwan bakin ruwa, tsargiya ce. Wanne ne a ciki ba a iya karewa? Lissafin farko na mutanen nan da alƙaluman Amurka aka yi shi, ko kansar mama ba su sa ba. Hukumar binciken kansa ta duniya da ke Liyon a Faransa ta fito a watan da aka buga shi ta ce ba ta yarda da yadda aka fassara shi ba.

Baban Khalifa: Ɗan Birni, ɗana, kada ka jingina wa ƙaddara lalacinka. Wanda ya ƙaddara cutar shi ya ƙaddara maganin da rigakafin, kuma an umarce mu da neman magani. Ni abin da na ɗauka daga maganar ɗalibin nan daban ne. A daina tuhumar mara lafiya. Mace ta kamu da kansa, sai a ce kishiya ce, ko a ce wani zunubi ta yi. Ashe wani lokaci ba kowa, ba komai, rubutu ne ya kuskure.

Ɗan Aji Huɗu: Anti Nas ki yi haƙuri, ba abin da nake nufi ke nan ba. Kashi 66 ɗin na kura-kurai ne, ba na marasa lafiya ba. Kansa guda takan buƙaci kuskure uku ko fiye kafin ta tashi. In biyu sun zo daga kwafi, na ukun daga taba, hana tabar ya hana kansar duka. Su kansu masu binciken sun yarda cewa kusan kashi 40 na kansa ana iya kauce musu, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tana cewa 30 zuwa 50.

Nas Mai Dare: To haka za ka faɗa tun farko. Ga shi ka ba Ɗan Birni lasisi.

Ɗan Birni: Na mayar da lasisin. Kilishin dai ban mayar ba.

Mai Kemis: Tunda an ce na raina ilimin, bari in faɗi inda ya shafi kantata kai tsaye. Mafi yawan kemon da muke bayarwa, tsofaffin nan masu ɗan sauƙin kuɗi, kwafin DNA suke kai wa hari. Methotrexate da 5-FU suna hana ƙwaya samun harafin T. Gemcitabine da cytarabine haruffan jabu ne, mai rubutu ya ɗauka ya saka, rubutun ya tsaya cak. Cisplatin yana manne igiyoyin. Doxorubicin, jan ruwan nan da marasa lafiya ke tsoro, shi da etoposide suna kama TOP2A yana tsakiyar yanka, su hana shi ɗinkewa. Tun 1948 da Sidney Farber ya ga jinin yara masu kansar jini ya gyaru na ɗan lokaci a Boston, dabarar ita ce dai: a bugi mai yawan rabuwa.

Shi ya sa suma ke zubewa, baki ya yi gyambo, gudawa ta zo, jini ya yi ƙasa. Tushen gashi, fatar baki, hanji da ɓargo su ma kullum cikin kwafi suke, maganin bai san nasa ba bai san bare ba. In dangi suka ga haka sai su ce maganin ne ke kashe shi, su ɗauke shi su tafi gida. Alhali galibin waɗannan suna warwarewa in an gama.

Kun san kumburin muƙamuƙin nan na yara, wanda Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958? Ƙarin kan ninka cikin kwana ɗaya ko biyu, amma saboda kusan duk ƙwayoyinsa na cikin kwafi, kemo na narkar da shi cikin kwanaki. Victor Ngu, likita ɗan Kamaru da ya yi aiki a Ibadan, yana cikin waɗanda aka ba lambar Lasker a 1972 a kan wannan aikin.

Uwar 'Yan Biyu: Yallaɓai tsaya. Ɗana mai sikila an ɗora shi a kan hydroxyurea, da na karanta takardar cikin kwalin na ga an rubuta maganin kansa ne. Na dakatar da shi sati biyu ke nan, ban gaya wa babansa ba ma. Na yi daidai?

Mai Kemis: Hajiya, gobe da safe ki koma wurin likitansa ki gaya masa kin dakatar, kada ki ji kunya. Gaskiya ne asalinsa maganin wasu cututtukan jini ne masu alaƙa da kansa, yana rage wa ƙwaya kayan da take haɗa haruffan DNA da su. Amma a sikila ana ba da shi ne daidai nauyin yaro, kuma abin da ake nema daban ne: yana sa ɓargo ya ƙara samar da irin jinin da jariri ke da shi a ciki, wanda ba ya lanƙwashewa. Ciwo na raguwa, buƙatar ƙarin jini na raguwa. A Kano ma an yi bincike a kan yara masu sikila don kare su daga shanyewar ɓarin jiki da shi. Sharaɗinsa a riƙa auna jini a kan lokaci. Ba ya nufin ɗanki na da kansa.

Ɗan Aji Huɗu: Anti Likita, na karanta cewa a Ingila an ƙera gwajin fitsari mai neman MCM5 don gano kansar mafitsara, akwai kuma rinin MCM2 da TOP2A na bakin mahaifa. Ba wannan ne mafita gare mu ba, tunda ba sai an yanka ba?

Likitar Tsoka: Hikimar tana da kyau, ƙanina. Ƙwayar da ke saman fatar mafitsara ta gama girma, ta daina kwafi, bai kamata a ga MCM a cikinta ba. In an gan shi da yawa a fitsari, akwai masu rabuwa inda bai kamata ba. Amma ba kansa kaɗai ke sa ƙwaya rabuwa ba, kumburi da tsakuwa da ciwon sanyi duk suna sawa. Ka tuna yawan masu tsargiya a wajenmu. Ni ba zan gina hukunci a kansa ba, har yanzu sai an leƙa mafitsara an yanko.

Wanda muke amfani da shi kullum shi ne Ki-67, da aka gano a Kiel ta Jamus a 1983. Yana rina duk ƙwayar da ke cikin zagayen rabuwa, mu ƙirga mu ce kashi kaza. A ƙarin Burkitt kusan 100 ne. A kansar mama yana taimaka wa likita ya auna saurin ciwon, duk da cewa mutum biyu kan ƙirga gilashi ɗaya su ɗan saɓa.

Kuma tunda mama ta shigo: BRCA1 da BRCA2 su ke gyara DNA in ta karye gida biyu, abin da kan faru in kwafi ya ci karo da cikas. A 2005 masana a Ingila suka nuna cewa ƙwayar da ta rasa BRCA, in ka toshe mata wani mai gyaran da ake kira PARP, mutuwa take, lafiyayyun kuma su tsira. Daga nan maganin olaparib ya fito a 2014. Binciken Ibadan da Farfesa Olufunmilayo Olopade ke cikin jagororinsa ya gwada mata 1,136 masu kansar mama, ya samu kusan kashi 11 suna da gadon lalacewar ɗaya daga cikin biyun. Adadi ne babba.

Maman Ihsan: Likita na kira ɗan Inna yanzu. Ya ce bayan tiyatar an miƙo musu abin da aka cire a cikin roba, aka ce su kai gwaji wani gari. Suka ga ba kuɗin mota, kuma ai an riga an cire cutar, sai suka binne. Ƙaramar tsokar da aka fara ɗiba kafin aikin ita kaɗai aka gwada.

Nas Mai Dare: Inna lillahi. Wannan kullum ne. Wasu ma su kawo ta cikin ruwan gishiri ko a leda bayan kwana uku, ta riga ta ruɓe.

Likitar Tsoka: Kada ki karaya, ƙaramar ma ta isa rinin nan huɗu in akwai saura a cikin kakin. Ku nemo takardar sakamakon farko, akwai lamba a samanta, da ita ake nemo dunƙulen a ma'ajiya. Ku rubuta takardar neman aro, ko a yanko muku gilasai marasa rini ku kai inda ake yi. In ta ƙare gaba ɗaya, sai a koma gwajin jinin Inna kai tsaye, shi ya fi tsada.

Ga sauran jama'a kuma: duk abin da aka cire daga jikin ɗan'uwanku, a sa shi cikin ruwan fomalin nan take, ruwan ya ninka tsokar kamar sau goma, in babba ce kuma likita ya tsaga ta don ruwan ya ratsa. Ku tambaya da bakinku kafin a shiga tiyata: ina za a kai tsokar, nawa ne, wa zai kai? A haɗa kuɗin da na aikin tun farko.

Mai Kemis: Maman Ihsan, in sun samo lambar, ki tura wa Likita hoton takardar ta akwatin sirri, kada ki sa a nan, sunan Inna na jiki.

Maman Ihsan: To Yallaɓai, na gode. Ya ce takardar na gidan yayarsa, zai karɓo bayan Magariba.